Kurege da Katin Sakaina

Ku matso ku ji ta, ta kasuwar Dajin Marke ce.

Wata shekara aka kawo wa namun daji sabon katin banki. Ba a zura shi cikin na'ura, ba a danna lambar sirri. Kusa da ita kawai za ka kai shi, ta yi "tsit!", ciniki ya faɗa. Manyan dawa suka ɗauki abin kamar sarauta. Kowa ya miƙa kati sai ya kau da kai, wai duba na'ura aikin ƙauyawa ne.

Kurege ba shi da kati, ba shi da banki, sai yunwa da wushirya. Ya samo sakaina ya kankare ta, ya shafa mata shuni, ya nufi teburin Kura mai tsire.

"Yaya Kura, na kuɗi nake so, a zuba yaji!"

Ya kai sakainar jikin na'ura, ya ja iska ta wushirya: "Tsit!"

Kura ko kallo ba ta yi ba. "Ya shiga," in ji ta, tana hura hanci.

Kurege ya wuce yana suɗe yatsu. "Ni ne Kurege, bankina a bakina!"

Da gari ya waye ya naɗa rawani, ya rataya gangar aro, ya koma maroƙi. Ya tarar da Zaki a rumfar Dorina mai waina, kati a aljihun gaba, rabinsa a waje don kowa ya gani. Kurege ya sa aka cika masa kwano, sannan ya hau zuga.

"Mai gashin da ba a taɓawa! Ranka ya daɗe, sunkuyo Dorina ta ga kwarjini da kyau!"

Zaki ya sunkuyo yana lumshe ido, ƙirjinsa ya shafi na'ura. "Tsit!" Wannan karon ta gaske ce. Zaki ya biya wainar Kurege bai sani ba, har ya ƙara wa maroƙin goro.

Da gari ya waye kan Kurege ya kumbura. Ya je wurin Ɓauna mai fura, ya shanye ƙwarya guda, ya zaro sakaina: "Tsit!"

Ɓauna ta zuba masa ido. "Sake."

"Tsiiit!"

"Ikon Allah," in ji Ɓauna. "Tun shekaranjiya na'urar nan ba caji, a mace take. Kai ka tashe ta?"

Ta fizge katin ta matsa, ya ruguje a kofatonta. Kura ta jiyo, ta taso da wuƙar tsire. Kafin ta iso Ɓauna ta ɗauke shi da ƙaho ɗaya, ya tashi sama ya faɗo cikin ƙaya. Kura ta cafko wutsiyarsa, ya fizge da gudu, ya bar rabin gashin wutsiya a hannunta, ya afka rami.

Da ya tabbata ba mai iya shigowa, sai ya leƙo da kumburarren ido.

"Inna Ɓauna, ki riƙa sa caji! Haka ake kasuwanci? Kin kunyata mai saye a gaban jama'a!"

Nan na baro su, yana ta mita a rami.