Biron Da Yaya Ya Ƙwace

A layinmu akwai wani mutum da ake yi wa laƙabi da Ƙamus, saboda Turanci a bakinsa kamar an kunna famfo. Ilimi kam yana da shi, ba mai musu. Haƙuri ne babu, ga son a yaba masa. Ka tambaye shi kalma ɗaya, ya juye maka kwando, ka tashi ba ka samu wadda ka zo nema ba.

Ƙanwarsa, autar gidansu, tana aiki a shagon magani, burinta kuma makarantar koyon jinya. Turanci ne ya yi ta kayar da ita a jarrabawar shiga. Wannan karon shi ne na ƙarshe, don shekarunta sun kai iyakar da makarantar ta gindaya. Sai ta shiga ajin yamma na wata malama mai shirya ɗalibai.

Malamar tana da tsarinta. Da aikin gida take auna kowa. Masu rauni ta zaunar da su gaba, tana bin su jimla-jimla. Waɗanda hannunsu ya faɗa kuwa ta tura su baya, su yi ta gwajin sauri su kaɗai. Da ta duba rubutun Auta sai ta ce, "Ke matsalarki wakilin suna ne da ginin jimla. Kina farawa da mutum ɗaya, kafin ƙarshen layi ya zama jama'a. Zauna nan gabana, abu ne mai gyaruwa."

Auta ta koma gida da aikin da aka ba ta, ta shimfiɗa a teburin falo. "Yaya, don Allah nuna mini inda nake kuskure."

Ƙamus ya karanta layin farko, ya ja tsaki. "Wannan rubutu ne ko kaza ce ta bi ta kan takarda? Kawo biron nan."

"Yaya, bayani nake so."

"In tsaya yi miki bayani ai sai gemu ya fito miki. Ungo, kwafe wannan ki kai mata, ta san gidan da kika fito."

Haka abin ya zama kullum. Ranar da Auta ta yi ƙorafi, mahaifiyarsu ta ce, "Ke dai ba ki da godiya. Wasu nema suke, ke ga shi a gida kina tura baki." Kunya kuma ta hana Auta gaya wa malamar.

Wannan fa shi ke ƙona mini rai har yau. Mutum yana da abin da zai fitar da ƙanwarsa, ba zai iya zama ya koya mata ba, sai dai ya yi amfani da ita ya burge matar da bai taɓa gani ba! Malama ta ga rubutu tsaf babu inda za ta sa jan biro, ta yi murna, ta mayar da Auta baya, ta ba wata ɗaliba kujerar gaban. Shi kuwa gogan yana shagon aski yana baza labari wai malamar ta rasa abin gyarawa.

Ranar jarrabawa Auta ta zauna ita da takardarta. Tambayoyin nan dai da ta roƙa a yi mata bayaninsu su ne suka yi mata layi. Sakamako ya fito, Turanci ya sake kayar da ita.

Ƙamus ya shigo yana kumfar baki. "Zalunci ne! Wanda ya duba ne bai iya ba. Yarinyar da malamarta ke yabo kullum?"

Auta tana goge rigar aikinta, ba ta ko ɗago ba. "Kai take yabo, Yaya. Tun ranar da ka karɓi biron nan ba ta sake ganin rubutuna ba."

Ta sa rigar ta tafi shagon magani. Yanzu haka tana can bayan kantar shagon, tana miƙa wa ma'aikatan jinya abin da suka zo saya.

Darasi: wanda ya ce ka koya masa, ba cewa ya yi ka yi masa ba. Idan ka rufe kuskuren mai koyo, ka ɓoye shi ne daga wanda zai gyara, ka ajiye masa shi sai ranar da gyara ba zai yiwu ba. Kai kuma ɗalibi, kai wa malaminka naka ko da ya cika da jan biro, domin kayan aro ba ya rufe katara.