Karanshaf ɗin Isyaku a Babur ɗin Nazeer

Akwai wani tela a Mandawari mai suna Nazeer, wanda in ka ɗauke keken ɗinki babu abin da yake so kamar tseren babur. Gajeren tsere ne a wani miƙaƙƙen fili a bayan gari, inda ake murɗa ƙaramin inji har ƙarshen ƙarfinsa.

Ranar Asabar, 17 ga Agusta, 2024, gari ya waye luf bayan ruwan asuba, lunguna duk taɓo. Washegari ne tsere. Nazeer ya nufi garejin da 'yan tseren ke haɗa injinansu a Ƙofar Mazugal, riƙe da sabon karanshaf, wato ƙarfen da ke juyawa a tsakiyar inji. Ya riga ya kai shi an gurje masa nauyi da ido, don ya ƙara saurin juyawa.

A can ya tarar da babban abokin hamayyarsa, Isyaku, direban tanka ɗan Madabo, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba. Nazeer ne ya laƙaba masa "Baba Sannu-sannu".

"Baba Sannu-sannu, gobe sai dai ka shaƙi hayaƙina!"

Isyaku ya ce, "To Tela, miƙo mu ga makamin."

Ya ɗora ƙarfen a kan maɗauri, ya juya shi a hankali. Bakin ƙarfen na rawa. Ya sake juyawa, sai fara'arsa ta ɗauke.

"Wannan ya karkace, kuma an ci gefe ɗaya fiye da ɗaya. A yawon gari zai kai ka. A tsere kuwa, inji na ɗaukar wuta zai fasa murfi ya fito. Ina ƙafarka take a lokacin?"

"Ka dai ji tsoro, kana so in fasa."

Isyaku ya juya. Ya buɗe akwatinsa ya ciro wani karanshaf a naɗe da tsumma, wanda aka daidaita aka yi wa walda.

"Sa wannan. In ka ci ni da shi, ka ci."

Nazeer ya daɗe yana jujjuya ƙarfen yana neman inda mugunta take. Bai samu ba. Ya sa, ba ko sannu.

Washegari kuwa ya ci tseren, Isyaku na biye da shi yana dariya.

Duk da haka zuciyarsa ba ta yarda nasa na da aibu ba. Da aka kwana biyu ya ɗaura shi a wani tsohon inji da ke kan benci, ya ja baya, ya murɗa. Ƙara ta yi sama, sai ji kake tau! Guntun ƙarfe ya ɓarke murfin ya huda kwanon garejin, ta daidai gefen da ƙafarsa ke zama in yana kan babur.

Nazeer ya zauna a ƙasa yana salati, yana shafa ƙwaurinsa.

Kafin ya gama haɗiye kunyarsa, aiki ya mayar da Isyaku Fatakwal. Nazeer ya sha danna lambarsa yana kashewa. Matarsa Bahijja ta ce, "Tunda bakinka ya yi nauyi, ai hannunka lafiya lau yake."

Ya yi ta rubuta wasiƙa yana yagewa. Wadda ta tsira gajera ce: "Yaya Isyaku, da ƙafafuna biyu nake taka keken ɗinki, bayan Allah kai ne sila. Ka yafe mini sunan nan. Allah ya tsare maka hanya."

Da kansa ya taka zuwa gidan waya, ya manna kan sarki, ya jefa ta a akwatin wasiƙu.

Darasi: Ba duk wanda kuke takara da shi ne maƙiyinka ba. Idan an nuna maka aibi a abin da ka zaɓa, ka duba abin kafin ka zargi mai maganar, kuma kada girman kai ya jinkirta maka godiya. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu harka da injina.