Kujerar Rifkatu

Akwai wani mutum, manomin dankali, yana da wata tsohuwar mota irin mai canja giya da kanta, wadda direbobi ke kira otomatik. Tare suka tsufa da ita. Tun da daɗewa ya cire kujerun baya domin buhunan dankali su sami wuri, saboda haka kujeru biyu ne kawai a cikinta, tasa da ta matarsa Rifkatu.

Ana nan sai Rifkatu ta rasu. Aka kai ta ƙauyensu na asali, can bisa dutse, aka binne ta a bayan majami'a. Masu gaisuwa suka watse, 'ya'ya suka koma garuruwan da suke aiki, gida ya rage daga shi sai kaji. Ya ɗauki kallabinta na Zumuntar Mata, ya ninke, ya ɗora a kan kujerarta. Tun daga ranar babu mahalukin da ya sake zama a wurin, makullin motar ma ba ya ba kowa. In wani ya tsai da shi don a rage masa hanya, sai ya ɗaga hannu ya wuce. Ran Lahadi yana zuwa sujada, yana rera waƙa da ƙarfi, har ya fi dā. Amma kafin a gama gaisawa a bakin ƙofa ya riga ya tayar da mota. In aka ce, "Baba, ya haƙuri?" sai ya ce, "Da godiya," ya ja gilashi.

Abu ɗaya ya rage masa mai daɗi a duniya, wato ya hau dutsen nan, ya cire ciyawar da ta fito a kan kabarinta, ya zauna shiru a gefe. Hanyar tana da nisa, gwiwoyinsa kuma sun daina tafiyar ƙasa. In motar ta ƙi hawa, an raba shi da Rifkatu karo na biyu ke nan.

Sai motar ta ɓullo da wani hali. Da safe lafiya lau take tashi. Amma in ta yi tafiya ta ɗauki zafi, ya taka totur a hawa, sai inji ya yi ta ruri kamar bijimi, mota kuwa ta ƙi ja. Can sai ta yi wata fizga, giya ta kama, a ci gaba. Tsohon ya buɗe bonet da sassafe, inji a kashe, ya zaro sandar awon man giya kamar yadda ya saba auna baƙin mai. Ya ga mai a cike har ya zarce. Ya ce wa kansa, ai ba daga nan ba ne.

Ya kai ta garejin wani bakanike mai suna Irmiya, wanda ke kusa da gidansa, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Motar kuwa, mai wayo, da ta ga bakanike sai ta natsu kamar ba ita ba. Irmiya ya saurari inji, ya leƙa ƙasa, ya ce, "Baba, irin wannan ciwo ba ya nuna kansa a tsaye. Sai na shiga mun hau tudu tare, in ji abin da take yi."

Tsohon ya dubi kallabin, ya ce, "Kai dai duba ta a nan."

Irmiya bai yi musu ba. Ya canja fulogi, ya wanke abin da ke wankuwa, tsohon ya tafi. Ya sake dawowa, aka sake canja wani abu. Kullum da safe yake kawo ta, tana da sanyi, kullum kuma in Irmiya ya nemi shiga, amsarsa ɗaya ce. Taurin kan tsoho ne, babu ko shakka, amma taurin kan da baƙin ciki ya haifa, wanda ba a yi masa dariya.

Wata rana da la'asar ya kama hanyar dutse. Ya kai tsakiyar hawa, inji ya yi ruri, ya ƙara taka totur, rurin ya ƙaru, motar kuwa ta fara komawa da baya. Ya danne birki, ya fito, ya sa dutse a bayan taya. Daga inda yake yana hango rufin majami'ar ƙauyen, amma ba shi da hanyar isa. Babu wanda ya wuce. Ya koma ciki ya zauna, ya dubi kujerar da babu kowa. A nan ne ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza, domin ya ga lallai shi kaɗai ne. Da inji ya huce, ya lallaɓa ya juya, ya sauko gida bai ga kabarin ba.

Kashegari ya tsaya a ƙofar gareji bai kashe mota ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki kallabin. Ya daɗe yana riƙe da shi, kafin ya ɗora shi a kan cinyarsa, ya tura ƙofar motar ta wajen kujerar.

Ya ce, "Shigo, ɗana."

Irmiya ya goge hannunsa sosai, ya ɗauko galan ɗin man giya, ya shiga ya zauna a ɗofane. Suka kama hanya. Da suka fara hawa, motar ta yi halinta. Irmiya ya karkata kunne, ya ce, "Yawwa, na ji ta. Inji lafiyarsa ƙalau, Baba. Ƙarfin ne ba ya kaiwa taya. Mu sami wuri madaidaici ka tsaya, amma kada ka kashe."

Suka tsaya, inji na aiki. Irmiya ya zaro sandar nan, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Man da ƙyar ya taɓa bakinta. Wanda ya kamata ya zama ja ya koma ruwan ƙasa, yana ƙauri.

Tsohon ya ce, "Amma kullum ina aunawa, a cike nake gani."

Irmiya ya ce, "A kashe kake aunawa, Baba. In mota tana kwance, man yakan taru wuri ɗaya, sai ka ga kamar ya isa. Sai tana aiki ake ganin gaskiyarsa. Yoyo take yi kaɗan-kaɗan. Da ka ƙara matsa mata, da cikin giyar ya ƙone."

Ya ƙara mata mai, ya ce gobe a kawo ta ya toshe yoyon, ya zuba sabo. Sa'an nan ya dubi kallabin ya ce, "Na Mama Rifkatu ne, ko? Ita ta koya mana waƙa a ajin Lahadi. Ta sha ja mini kunne." Tsohon ya daɗe bai ji sunanta a bakin wani ba. Motar ta hau dutsen a hankali, su biyu suka cire ciyawar da ke kan kabarin.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Motar nan rayuwar mai bi ce. Rurin inji shi ne waƙarmu da "Amin" ɗinmu da "lafiya lau" da muke ba kowa, alhali ba ma gaba. Man giya kuwa shi ne ƙarfafawar da Ubangiji yake zuba mana a zuciya, wadda baƙin ciki yakan tsiyaye ta ɗigo-ɗigo ba mu sani ba. In mutum ya auna kansa shi kaɗai a ɗaki, ko ya kawo kansa majami'a da safe cikin wankakkiyar riga, zai ga kamar a cike yake. Ba a nan ciwon yake fitowa ba. A kan hawa yake fitowa, kuma sai wanda ya zauna kusa da kai zai ji shi.

Da yawa a cikinmu muna da kujerar da muka hana kowa. Wani mutuwa ce ta sa, wani kunya, wani kuwa an taɓa cin amanarsa. Ubangiji ba ya ɓalle ƙofa. Yakan tsaya ya jira, sau da yawa kuma ta wurin ɗan'uwa mai datti a hannu yake zuwa. Ku lura, Rifkatu ba ta dawo ba, tsohon kuma ya koma gidan nan na shiru. Ba a ce masa ya yar da kallabin ba, matsar da shi kawai ya yi. Kai ma da ka zo yau kana waƙa da ƙarfi, kana shirin fita kafin a gaishe ka, ba a ce ka manta da naka ba. Ka ɗora shi a cinyarka, ka tura ƙofa, tun cikin giyar bai ƙone ba.