Manomin da Ya Raina Farin Ganye

Akwai wani manomi wanda ya gaji irin dawa daga mahaifinsa. Dawar ba ta da kyan gani. Kara da ganye duk fari-fari, kamar an barbaɗa musu toka, in ka ratsa gonar sai ka fito da farin gari a hannun riga. Wannan abu yana damunsa, gama shi mutum ne mai son a tsaya a bakin gonarsa a yaba.

Wata shekara sai ya ga tushe biyar a tsakiyar gona sun fita daban, kore shar, suna sheƙi, babu ko ɗigon farin nan. Wani abu ne ya canja a cikin ƙwayar tun kafin a shuka ta, irin canjin da shuka takan bar wa 'ya'yanta gado. Murna ta kama shi. Da kaka ta yi, lokacin zaɓen iri, zangarniyarsu kaɗai ya yanka ya rataye. Sauran kuwa aka sussuke, aka ci tuwo.

Yayarsa Rahila ta ce masa, “Ƙanena, farin nan da kake ƙi riga ce Allah ya sa wa ganye. Kamar kakin zuma yake, shi ke hana rana shanye ruwan jikinsa. Ka haɗa da tsohon iri ko kaɗan.”

Ya yi dariya ya ce, “Yaya, ke dai kin saba da toka.”

Damina ta zo, gonarsa ta yi sheƙi, masu wucewa suka yi ta yabo har kansa ya kumbura. Sai ruwa ya ɗauke kwana ashirin. Dawar Rahila, da yake tsohon irin ta shuka, ta naɗe ganye ta jira. Tasa kuwa, da yake tsirara take, rana ta tsotse ta. Da ruwa ya dawo, bai tarar da abin da zai rayar ba. Mutumin ya tsaya a tsakiyar busasshen kara, kunya da baƙin ciki suka rufe shi, domin abincin gidansa na shekara ke nan.

Ya tafi wurin yayarsa, kai a sunkuye. Ba ta ce masa “Ai na faɗa” ba. Ta ciyar da gidansa, ta kuma ba shi daga irin mahaifinsu.

Ma'anar wannan misali ita ce: farin nan shi ne addu'a, da tawali'u, da jin Maganar Allah kowace rana. Ba sa sheƙi, ba wanda zai yabe ka saboda su. Wanda ya yar da su yakan fi kowa kyan gani muddin ruwa na sauka, har 'ya'yansa su gaji tsiraicin nan suna tsammani ado ne. Amma ranar fari tana zuwa wa kowace gona. Saboda haka, ƙaunatattuna, in kun ga farin nan a hannun rigarku, kada ku kakkaɓe.