Gadar Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, ku matso.

Wai namun daji ne suka gaji da ninkaya a rafi duk ranar kasuwa. Suka yi gayya, suka sare giginya, suka tara azara. Kurege ya ce shi magini ne tun kaka da kakanni. Aka damƙa masa aikin gada.

To, ku ji mugun hali! Kurege ya kwashe azarar nan ya kai wa Gafiya, ta ba shi gyaɗa. Ya jera karan dawa, ya yaɓe da laka, ya shafe sumul. Kowa ya gani ya ce, "Kai, sannu da aiki, magini!"

Ranar kasuwa Jaki ya hau da tukwane, Akuya na biye da 'ya'yanta uku. Suna tsakiya sai ruguzum! Innalillahi! Tukwane suka tarwatse, Jaki ya karye a ƙafa, da ƙyar aka tsamo autar Akuya tana aman ruwa. Aka duba, kara! Jama'a, kara!

Aka ja Kurege gaban alƙali Kunkuru.

"Allah ya gafarta malam, ni ban tura kowa ba. Ban yi niyya ba."

"Ba niyya muke tambaya ba," in ji Kunkuru. "Ka san za a hau?"

"Na sani."

"Ka san kara ne?"

Kurege ya hau sosa ƙeya.

"To, ka sake gina ta. Ranar buɗewa za a ɗaure ka a ƙarƙashinta, a haye."

"Na yarda, malam. Hawainiya ta fara, ai babba ce."

"Giwa za ta fara. Da ɗanta."

Kurege ya ruga wurin Gafiya, ya mayar da gyaɗa har da tasa ta iri, ya karɓo azara. Ya jera azara, ya sake jera azara, ya tokare, ya sake tokarewa. Wanda ya zo taimako ya kore shi, wai kada a yi masa ha'inci!

Ranar buɗewa aka ɗaure shi. Giwa ta taka, gada ta ce ƙiii. Ɗanta ya tsaya a tsakiya yana tsalle. Gada ba ta motsa ba. Da aka kwance Kurege, gashin jelarsa ya miƙe tsaye don tsoro, har yau bai kwanta ba.

Ƙurunƙus kan Gafiya! In za ku hau gada, ku fara leƙa jelar magini.