Hannun Da Ya Ɗaga Tabarma

Akwai wani mutum mai suna Malaki a unguwarmu ta 'yan Samoa, a Mount Druitt, nan ƙasar Turawa da muke zaune. Shekara biyu ya yi a kurkuku saboda ya karya wa maƙwabcinsa Iakopo muƙamuƙi. An sake shi da sharaɗi ɗaya: kada ya kusanci gidan Iakopo. In ya saɓa, sai kurkuku, daga can a tasa ƙeyarsa zuwa Samoa, ƙasar da ya bari yana ɗan shekara uku. Ga 'yarsa Sina, ko yaye ta ba a yi ba lokacin da aka kama shi.

Ya fito, unguwa ta juya masa baya. A coci, in ya zauna sai benci ya watse.

Rannan tsoho Tuala, uban Iakopo, ya aiko: “Ya zo ya yi ifoga, mu yafe.” Wato ya durƙusa a ƙofar gidansu lulluɓe da tabarmar da aka gada daga kakanni, har mai gida ya ɗaga ta da hannunsa.

Malaki ya ce wa kawunsa Lemalu, “Kawu, takardar sharaɗi ta hana ni fa.”

Kawu Lemalu ya yi tsaki. “Takardar Bature ta fi tabarmar kakanninka? Dattijo ya kira ka, kana kawo mini zancen takarda!”

Da sassafe Malaki ya je ya durƙusa. Awa huɗu rana tana gasa shi, gwiwoyinsa a kan tsakuwa. Tuala na zaune a baranda yana kurɓar koko, yana wa jikokinsa nuni: “Ku ga zakaran da ya daki babanku.”

Can sai aka yaye tabarmar. Malaki ya ɗago da hawayen murna. Wayyo, hannun ɗan sanda ne! Ashe tun da safe tsohon ya buga waya.

Tuala ya yi dariya. “To, ba ga shi an ɗaga maka ba?”

Aka rubuta cewa ya sake karya doka. Mutanen unguwa suka ce, “Ai mun faɗa, mai hali ba ya fasa halinsa.” Wallahi ko kunya ba su ji ba.

Yau Malaki yana Apia, babban birnin Samoa, ko hanyar kasuwa bai sani ba. Sina kuwa a waya take ce masa Baba. Tun daga ranar, babu wanda ya ƙara durƙusawa ƙarƙashin tabarma a unguwarmu.

Darasi: Ba duk wanda ya koma kurkuku ne ya kai kansa ba, wani tura shi aka yi. Wanda ya mayar da neman gafara tarko, ya rufe ƙofar da shi ma wata rana zai ƙwanƙwasa. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.