Hannun Sallau Da Mutum Uku

Ku da kuke cika baki kun iya raba gardama, ku matso ku raba wannan. Ni dai duk sanda na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Sallau ma'aikaci ne a wani kamfanin roba a Kano, yana ɗura wa injin markaɗe tsofaffin bokitai. Bakin injin yana da murfin ƙarfe mai hana hannu shiga, amma mai kamfanin ya sa aka cire shi, wai yana rage saurin aiki. Wata ranar Laraba da hantsi injin ya fizgi hannun Sallau na dama, ya cinye shi har wuyan hannu. Mutum uku ne suka tsaya masa.

Na farko Ilu, abokin aikinsa. Kowa ya watse, shi kaɗai ya ruga ya kashe wuta, ya zaro Sallau, ya ɗaure dantsen da igiyar buhu har jini ya tsagaita. Ba don shi ba, a wurin Sallau zai cika. Da aka tafi da shi asibiti, Ilu ya kasa kallon ƙuda na bin naman abokinsa. Ya tattara abin da ya rage ya binne, kamar yadda ake yi wa jikin ɗan Adam. Ya wanke injin tas, ya nemo murfin nan ya mayar, don kada ya ci wani.

Ta biyu Dije, yayar Sallau. Ta iske ƙaninta yashe a benci a wani asibitin kuɗi, an ƙi taɓa shi sai an biya. Manajan kamfanin yana tsaye hannu a aljihu, ko kunya babu, ya ce zai biya komai in ta faɗa wa likita haɗarin babur ne. Dije ta dubi ƙaninta, idonsa ya fara juyewa. Ta ce babur ne. Aka rubuta haka, aka ƙara masa jini, ya rayu.

Na uku Kawu Tanimu, ƙanin mahaifiyarsu. Ya kwashe Sallau da matarsa da 'ya'yansa ya kai gidansa, shi da bai fi ƙarfin nasa cikin ba. Lokacin da Sallau ya daina cin abinci yana cewa gara mutuwa, wannan tsohon ne ya zauna yana ba shi tuwo a baki, yana lallashi har ya haƙura ya ci gaba da rayuwa. Ana nan sai mai kamfanin ya zo jaje da buhun shinkafa, ya jawo liman da mai unguwa. Kun san mu da kara, baƙo ya tako har zaure ba a tsinka shi. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Alhaji, ai ƙaddara ce. Mun yafe duniya da lahira."

Da Sallau ya ji sauƙi, ƙungiyar ma'aikata ta kai shi wurin lauya. Lauyan ya ce doka ta ba shi diyya, ba alfarma ba ce, haƙƙinsa ne. Amma da me za a kama kamfanin? Masu bincike sun je sun ga inji fes da murfinsa. Asibiti ya ce babur. Liman da mai unguwa sun ji yafiya da kunnensu. Mai kamfanin kuwa ya ce shi taimako kawai ya yi saboda Allah, har ana shi masa albarka a masallaci. Wannan ce ta fi ƙona mini rai.

Yau Sallau yana zaune a ƙofar gida, ba aiki, ba diyya, yana koyon cin tuwo da hagu. Mutanen nan uku kullum sai sun leƙo shi, shi kuma ya rasa ko godiya zai yi musu ko kuka.

Kada wanda ya ce mini mai kamfanin ne, wannan azzalumin mun gama da shi, Allah ya isa. Ina tambayar ku a kan masoyan ne. Ilu da ya wanke shaida, Dije da ta yi ƙarya, Kawu da ya yafe abin da ba nasa ba: kowannensu ya ceci ran Sallau. To, wane ne a cikinsu ya fi cutar da shi?